Hoton Yau

Jama'a, yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, don in na tsaya zan fasa faɗin abin da na zo faɗa. Wata goma sha huɗu na yi ina yi wa mutumin da zan aura ƙarya. Ba da baki na yi ta ba, da hoto na yi. Duk hoton da na tura masa nawa ne, wallahi ni ce a ciki, sai dai tsofaffi ne, kuma wadda ke cikinsu ta daɗe ba ta kama da ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, a gida Tsinke ake ce min. Tun ina ƙarama ba ni da auki. Umma tela ce, kuma ta sha faɗa a gaban masu kawo ɗinki cewa ragowar yadin wasu ya ishe ni riga har da ɗankwali. Shi kuwa Kyaftin nake kiransa, ko da yake tunda yake bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Makanike ne a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai dakon kaya, can ƙasa inda ba a ganin rana. Kafin ya sami aikin, shi ke gyara janareton shagon buga takardu da nake aiki. Daga nan ya gano hanyar gidanmu, ya ɓige da gyara wa Umma tsohon kekenta baƙi mai feda duk sati, ko ya lalace ko bai lalace ba. Manyansa sun zo, an amsa musu, aka ce in ya dawo daga kwantiragi sai a tsayar da rana. Kwantiragin na wata goma sha takwas ne. Ranar da wannan labarin ya fara, saura kwana ashirin da uku ya sauka.

Da ya tafi, da farko komai lafiya. In tsaya a ɗakin ɗinkin Umma, don nan ne taga ke kawo haske mai kyau, in ɗauki hoto goma in zaɓi ɗaya in tura masa. Sauran taran ba na gogewa, ina nan ina tara su ban san ranar amfaninsu na zuwa ba. Labarin gida kuwa babu wanda ba na ba shi. Ranar da Umma ta kyautar da baƙin keken ta kawo fari mai aiki da wuta, har ƙararsa na naɗa na tura masa, ya ce wannan ba keke ba ne, sauro ne.

Sai kumatuna suka fara cika. Kowa ya yi murna. Maƙwabta suna cewa, "Tsinke, hankali ya kwanta, an sami miji!" Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Amma abin bai tsaya ba. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, har kunnena ya daina fitowa a madubi. Ciki ya turo. Wani tozo ya fito min a bayan wuya. Gashi ya fara tsirowa a haɓata, ina bin sa da ɗan hantsaki ina kuka. Al'adata ta rikice, daga baya ta ɗauke. Matakalar shagonmu guda goma sha tara ce, da a guje nake haye ta da tulin takardu, sai ga ni ina hutawa sau biyu kamar tsohuwa. Ranar da na ɗauki hoto na kalle shi na ji tsoron kaina, ranar na koma cikin tsofaffin na zaɓo masa ɗaya. Na ce na yau kawai, gobe zan faɗa masa.

Kun san tsakiyar teku babu sabis na kirki, saƙo ma sai ya kwana a hanya. In sun tsaya a tasha ya ce mu yi kiran bidiyo, sai in ce kyamarar gaba ta fashe, ko Umma na kusa, ko an ɗauke wuta. Shi kuma bai taɓa matsa min ba. Sai dai ya rubuto, "To, Tsinke. Allah ya kawo wutar."

Tun rasuwar Abba, Gwaggo, yayarsa, ita ke da ta cewa a gidanmu. Shekara goma sha biyu ta yi tana tsaron kemis, saboda haka a wurinta babu ciwon da ba ta sani ba. Ita ta fara kallona a kaikaice.

"Ke, zo nan. Me kike sha?"

"Ba na shan komai, Gwaggo."

"Ni za ki gaya wa? Wannan fuskar na san ta. Sha-ka-fashe ne, ƙwayar nan da 'yan mata ke ɗirka don su yi jiki kafin aure. Da hannuna na kori irinku daga kemis. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, wai su kyau suke nema."

Na rantse, na ƙara rantsewa. Umma ba ta ce ta yarda da Gwaggo ba, amma ba ta ce ta yarda da ni ba, kuma wannan shirun ya fi zagin Gwaggo yi min ciwo. Daga ranar na daina cire kaya a gabanta. Ko awo za ta yi min, a kan doguwar riga take ɗora tef.

Abin da ya kai ni asibiti, ranar na durƙusa a shago zan ɗauko takarda a ƙasan kanta, ƙafafuna suka ƙi ɗaga ni. Sai da na kama ƙafar tebur na ja jikina. Washegari na ce wa Umma aiki zan tafi, na wuce asibiti ni kaɗai. Nas ta gwada jinina sau biyu, ta kalli katina ta ce, "Shekara ashirin da huɗu da wannan hawan jinin?" Daga ɗaki zuwa ɗaki har na faɗa hannun wata likita, babbar mace mai tabarau a goshi. Ba ta fara da takarda ba, da ido ta fara. Ta ce in tsuguna in miƙe ba tare da na dafa ba. Na kasa. Ta duba cikina, ta duba bayan wuyana, ta ce, "Kina da tsofaffin hotuna?"

Dariya ta kusa kuɓuce min. Wa ya kai ni tsofaffin hotuna? Na miƙa mata waya, tana ja da yatsa tana ɗago kai tana kallona.

"Kina shan wata ƙwaya, ko kina shafa man ƙara haske?"

"Likita, har ke?" Hawaye ya zubo min.

"Dole in tambaya, 'yata. Amma ba sai kin rantse min ba, jini zai faɗa."

Ta ce tana zargin wani sinadari ne ya yi yawa a jikina, sunansa kotisol. Ta rubuta min gwajin fitsari, sannan ta ba ni 'yan ƙwayoyi biyu farare a ƙaramar leda. Ta ce in sha ƙarfe goma sha ɗaya daidai kafin in kwanta, in dawo ƙarfe takwas na safe a ɗibi jini. Ta ce ƙwayar kama take da wancan sinadarin, in mai lafiya ya sha, jikinsa sai ya ɗauka ya wadatu ya dakatar da nasa. In bai dakatar ba, to akwai magana. Na jefa ledar a jaka na kamo hanyar gida, raina ya ɗan yi sanyi, don yau dai wani ya ce ciwo ne.

Na tarar da Gwaggo a ɗakin ɗinki tana shan shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na gaishe su na ajiye jaka a kan tebur na shiga alwala. Ashe Umma na neman cajar waya, ta ce Gwaggo ta duba mata a jakata. Ina fitowa na ji salati.

"Ashe! Ashe! Ba na faɗa ba?"

Gwaggo ce a tsaye, ta ɗaga ledar sama tana karanta sunan da aka rubuta a jiki. Jama'a, wai ashe ƙwayar da likita ta ba ni don gwaji, ita ce dai ainihin wadda 'yan mata ke saye a ɓoye don ƙiba. Ni ban sani ba. Gwaggo kuwa ta san ta kamar sunanta.

"Gwaggo, likita ce ta ba ni, wallahi. Yau na je asibiti."

"Asibiti? Ba aiki kika ce wa uwarki za ki ba?"

Nan ta kama ni.

"Kin ji ko? Ƙarya ɗaya ta fito, saura na tafe. Ke ki gaya min, wane likita ne zai ga mutum ya kumbura haka ya ɗauki maganin ƙiba ya ba shi? Ko mahaukaci ne?"

Ku faɗi gaskiya, ku da kuke karantawa, in ku ne a wurin wa za ku gaskata? Na yi ƙoƙarin maimaita bayanin likita, ya fito a hargitse. Umma ta miƙa hannu ta karɓi ledar, ta buɗe durowar keke inda take ajiye allura, ta saka ta rufe. Idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. Gwaggo ta saɓa mayafi tana cewa ɗan mutane na can cikin ruwa yana wahala, mu kuma nan ana shirya masa abin kunya, ta fita ta bar shayinta.

Na ce, "Umma, in ban sha yau ba gwajin ya lalace."

Umma ta tashi ta sauko da rigar daga ƙusa. Rigar tarbar Kyaftin ce, leshi ruwan zuma mai ƙananan furanni, tun watan da ya tafi ta yanka ta don ta ce ba ta son ɗinkin gaggawa. Sau uku tana farke ta tana buɗawa.

"Cire wannan buhun ki sa. Saura kwana ashirin da uku, ba zan bari ki tarbi mutum da riga tana ɓaɓɓarkewa ba."

"Umma, in sa a kan..."

"Na ce ki cire."

Na juya mata baya na cire. Ban san bayan ma ya lalace haka ba. Na ji numfashinta ya tsaya. Nankarwa ce a ƙuguna da cikina, ba irin siraran fararen nan ba, manya masu faɗin yatsa, ja mai duhu kamar an zane ni da bulala. Ta zura min rigar. Zif ya tsaya a tsakiyar baya. Ta ɗauki alli ta yi alama a ciki, ta yi a wuya. Sai ta zo hannu, ta tattaro yadin da ya yi yawa a damtsena za ta soka fil, kamar yadda ta yi sau uku a baya.

Hannunta ya tsaya a nan. Ta cire fil ɗin daga bakinta.

"Tsaya."

Ta jawo tef daga wuyanta ta zagaya damtsena, a kan fata wannan karon. Ta duba. Ta sake zagayawa. Ta durƙusa ta auna cinyata, ta auna sharaɓata. Umma ba ta rubuta awona, a ka take riƙe shi tun ina cikin zanin goyo.

"Damtsenki ya ragu da inci ɗaya da rabi a kan na ranar da na yanka rigar nan."

Ta zauna a kan kujerar keke, tef ɗin a cinyarta, kamar da kanta take magana.

"Shekara talatin ina ɗinki. Na ɗinka wa mai jego, na ɗinka wa mai ciki, na ɗinka wa wadda hutu ya karɓa. Mai ƙiba ko'ina take ƙiba, in na buɗa ciki sai na buɗa hannu. Ke sau uku ina buɗa ciki ina tsuke hannu, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Wannan ba ƙiba ba ce. Wani abu ne ke cin naman hannunki yana tarawa a ciki."

Ta kama hannuna ta juya. Inda fil ya karce ni sati uku da suka wuce har yanzu bai rufe ba. Inda ta riƙe ni yanzun nan kuma har ya fara tara jini.

"Ko ƙwayar ma tana yin haka, ni ban sani ba," ta ce. "Amma ko ƙwaya ce ko ba ƙwaya ba, 'yata ba ta da lafiya, ni kuma ina nan ina gyaran riga."

Ta ja durowa ta fito da ledar ta sa min a tafin hannu.

"Ƙarfe nawa ta ce?"

Ita ta saita ƙararrawa a wayarta, ita ta miƙo min ruwan, kuma ƙarfe bakwai na safe ta riga ni sa takalmi.

Sati ɗaya muka jira sakamako. Ranar da muka koma, Gwaggo ta ce sai ta bi mu, wai tana so ta ga likitan da idonta. Likita ta sauko da tabarau daga goshi ta jawo farar takarda ta zana kai, ta ɗiga ɗigo a tsakiya, bayan idanu.

"A nan, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake. Mu muna ce mata fituwitari. Ba ita ke yin kotisol ba, ita umarni take bayarwa. Tana sakin saƙo a cikin jini, saƙon ya gangara har wurin wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda, ya ce musu ku yi. Su kuma su yi. Kotisol ba abokin gaba ba ne, shi ke tashin mutum da safe, shi ke riƙe shi in ya shiga wuya. In ya isa, jini ya koma sama da labari, ita kuma ta yi shiru. Haka ake yi kullum a jikin kowa."

"To nata fa?" in ji Umma.

"Nata ana ta tura saƙo, ba a karanta amsa. Mun ba ta ƙwayar nan don mu ga ko za a yi shiru, ba a yi ba. Da safe kotisol ɗinta na nan a sama. Mun auna saƙon kansa, shi ma yana sama. In ya yi yawa haka wata da watanni, sai ya riƙa narkar da naman hannu da cinya, ya tara kitse a fuska da ciki da bayan wuya, fata ta yi laushi ta tsage, jini ya hau, al'ada ta ɗauke."

Umma ta juyo ta kalle ni. Abin da tef ɗinta ya faɗa ke nan.

Gwaggo ta gyara zama. "Likita, ni fa na yi aikin kemis. Ba ƙwayar ƙiba ke kawo wannan ba?"

"Tana kawowa, Hajiya, kamanninsu ɗaya, ba ki yi kuskuren gani ba. Amma da ita take sha, da 'yar tsokar nan ta daɗe da yin shiru, saƙon ya faɗi ƙasa warwas. Nata ihu yake yi. Yarinyar nan ba ta sha komai ba."

Wayyo, jama'a. Wata nawa ina jiran wannan jimlar! Na kifa kai a kan teburin likita na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Abba. Gwaggo ta buɗe jaka ta rufe, ta sake buɗewa, can ta miƙo min hankicinta ba tare da ta kalle ni ba.

Bayan kwana biyar aka tura ni cikin wani inji kamar bututu mai ƙara, aka ɗauki hoton kaina. Ga shi nan kuwa, ɗan tsiro a jikin 'yar tsokar, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shi ne mai tura saƙon ba ji ba gani. Likita ta ce cutar Kushin ake kiranta, kuma irin wannan tsiron kusan kullum ba ciwon daji ba ne. Ta hanci za a bi a ciro shi, ba za a fasa kai ba. Ta ce yawanci ana dacewa, wani lokaci yakan dawo, kuma bayan aikin zan yi watanni ina shan 'yar uwar waccan ƙwayar kafin jikina ya farfaɗo da nasa. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah," a hankali.

Ni tambaya ɗaya ce a bakina. "Likita, fuskata fa?"

"Za ta sauka, amma a hankali. Wata shida, shekara, wani ma fiye. Nankarwar za ta dusashe, ba za ta ɓace duka ba."

Aka sa aikin nan da sati biyar. Kyaftin kuma saura kwana tara.

Da la'asar Gwaggo ta zo gida da 'ya'yan itace cike da leda, wanda a wurinta shi ne ban haƙuri. Ta zaunar da ni a gefenta, har tana gyara min ɗankwali.

"Ki saurare ni, 'yar ƙanena. Na zalunce ki, Allah ya yafe mana. Yanzu gyara nake so in yi. In ya sauka, za mu ce kin tafi jinyar wata 'yar uwa a nesa. A yi aikin a ɓoye, ki murmure, wata shida ya gan ki kamar yadda ya bar ki. Namiji da ido yake so. In ya gan ki haka, ga maganar aiki a kai, ga maganar al'ada, danginsa za su hure masa kunne kafin sati."

"Gwaggo, wata shida fa."

"Wadda ta yi goma sha huɗu, shida ne zai gagare ta? Ki ci gaba da tura masa irin waɗanda kike turawa."

Ashe sun sani. Na kalli Umma, tana kan keke ta ba mu baya, ta tsayar da ɗinkin.

"Umma, ke me kika ce?"

"Ni riga na iya gyarawa," ta ce. "Ta shiga yanzu, zif yana rufewa. In za ki sa, ga ta nan. In ba za ki sa ba, in mayar da ita ƙusa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, shawarar Gwaggo ta zauna min. Ina son mutumin nan. Ina tsoron ranar da zai shigo ɗakin nan ya gaishe ni a matsayin baƙuwa ya tambayi ina Tsinke. Na shiga ɗaki na buɗe ma'ajiyar hotuna in ga nawa suka rage waɗanda ban taɓa tura masa ba. Saura biyu, ɗaya ma idona a rufe.

Ina riƙe da wayar saƙonsa ya shigo. Sun tsaya a tasha, sabis ya kawo.

"Tsinke, kwana tara. Turo min hoton yau."

Kullum cewa yake turo hoto. Bai taɓa cewa na yau ba.

Na zaɓi mai kyan cikin biyun. Yatsana na kan turawa. Sai maganar likita ta faɗo min, ana ta turawa ba a karanta amsa, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ajiye wayar na fito.

"Umma, ba ni rigar."

Gwaggo ta miƙe. "Ke, kina da hankali kuwa?"

Umma ta zuge min zif har sama, ta ɗaura min ɗankwali, ta ja ni gaban taga inda haske yake. Ita ta ɗauki hoton, sau ɗaya tak. Ban duba ba, don in na duba ba zan tura ba. Na rubuta masa komai a ƙasa: tsiron, saƙon da ba ya tsayawa, aikin hanci, wata goma sha huɗu na tsofaffin hotuna. Na ce in ya fasa ba zan riƙe shi a zuciya ba. Wannan ma ƙarya ce, amma na tura.

Alama ɗaya. Alama biyu. Suka koma shuɗi.

Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya sake tsayawa. Gwaggo ta koma ta zauna tana jan carbi, Umma na tsaye a bayana da tef a wuya. Minti goma sha ɗaya na ƙirga a agogon bango kafin saƙon farko ya shigo.

"Na san tsofaffi ne. A bayanki cikin kowane hoto akwai baƙin keken Umma. Ni na sa masa bel ɗin da ke jiki. Ke da kanki kika turo min ƙarar sabon."

Na ɗago na kalli farin keken. Na zauna a ƙasa da leshin da komai.

"Shekara guda ina kallon keken nan ina cewa wani ta samu, tana lallaɓa ni ne har in dawo. Na kasa tambaya don kar ki ce e."

Ni ina nan ina tsoron fuskata, ashe bawan Allah na can ƙasan jirgi yana haɗiyar wani baƙin cikin da ni na dafa masa. Na fara rubuta ka yafe min, wani saƙon ya riga ni.

"Ni ba zan yi miki ƙarya ba. Da na buɗe hoton ban gane ki ba. Sai da na ga tabon girarki."

Na shafa girar, inda ƙofar shago ta taɓa buge ni ranar da ya fara yi min magana. Hawaye ya hana ni ganin allon, Umma ta karɓi wayar, ita ta karanta na ƙarshen a bayyane.

"Ciwo ba ke kika sa wa kanki ba, ba ni da magana a kansa. Shekarar da kika bar ni a ciki ita ce maganar, kuma ba a waya za mu yi ta ba. Ki ce wa Umma kar ta ƙara taɓa rigar nan. A cikinta nake so in same ki."

Na karɓe wayar na rubuta, "Za ka zo ke nan? Ka yafe?" Na tura. Alama ɗaya ta fito ta tsaya. Jirginsu ya bar tasha.

Gwaggo ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To, ai bai ce ya fasa ba." Umma ta ce, "Bai kuma ce ya yafe ba. Tashi ki cire kar ta yamutse." Na tashi da ƙyar, na dafa kafaɗarta. Ta zuge zif ɗin, ta kakkaɓe rigar, ta rataye ta a ƙusa, sannan ta kwashe allin da fil-fil ɗin ta zuba a durowa ta rufe.

Yau kwana uku ke nan, saura shida. Saƙona na nan da alama ɗaya, kuma na goge hotuna biyun da suka rage.